Darasi: Yadda Ake Zaɓar Boris Ɗin Danni da Ɗaura Shi a Inji

Assalamu alaikum 'yan'uwa makanikai da masu koyon aiki, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ga abin da ke gabana a kan teburi: boris ɗin danni mai ƙwallaye, irin wanda za ku gani a ƙugiyar injin ɗaga kaya, da jak mai zare, da famfon da shaf ɗinsa yake tsaye. Bari in wargaza shi ku gani. Gunduwa uku ne kawai: zobe, keji mai riƙe da ƙwallaye, sai wani zoben. Kowane zobe yana da kwarin da ƙwallaye ke gudu a ciki.

Aikinsa guda ɗaya ne tal. Yana tare nauyin da ke biyo tsawon shaf, wato mai danna shi ƙasa ko mai tura shi gaba. Nauyin gefe, irin na bel da ke jan fuli, ba ya iya ɗauka sam. In injinku yana da duka biyun, sai an haɗa masa da wani boris ɗin da zai riƙe gefe, shi kuma a bar shi da danninsa.

To, wajen zaɓe, ku fara da lambar da ke jikinsa. Wannan na hannuna 51205 ne. Lambobi biyu na ƙarshe su ne faɗin ramin da shaf ke shiga: daga 04 zuwa sama ana ninkawa sau 5, don haka 05 milimita 25 ke nan. Amma ƙananan nan huɗu haddace su ake yi: 00 milimita 10, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Lambobi uku na farkon kuwa jinsinsa suke faɗa. 511, 512, 513 da 514 duk danni ta fuska ɗaya suke tarewa, kuma suna ƙara kauri a jere. Ga misali, 51105 da 51205 raminsu ɗaya, amma na farko faɗinsa milimita 42 ne, tsayi 11, na biyu faɗi 47, tsayi 15. In shaf yana turi gaba da baya, ku nemi 522 ko 523, masu jeren ƙwallaye biyu da zobe a tsakiya.

Kada ku raina lissafin nauyi. A boris mai ƙwallaye, in ka ninka masa kaya sau biyu, kwanansa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Shi ya sa ban yarda a sa 511 a gurbin 512 ba don kawai ya shiga shaf.

Wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba: rashin kaya ma yana kashe shi. In yana gudu da sauri babu abin da ke danne shi, ƙwallayen sai su riƙa neman fita waje, su daina mirginawa su koma zamewa, su goge kwarin. Saboda haka ake sa masa sifirin ya riƙa danne shi kullum a injin da kayansa ke zuwa yana tafiya.

Yanzu ku matso kusa, nan ne gizo ke saƙar. Zobban nan biyu a ido tagwaye ne, amma ba ɗaya ba ne. Bari in sa ma'auni. Wannan raminsa 25 cif. Wannan kuma, kun gani, ya ɗara da kusan milimita biyu. Mai matsattsen rami shi ne na shaf, shi ke kama shaf su juya tare. Mai sakakken rami na gida ne, yana zaune a mazauninsa, shaf na wucewa ta cikinsa ba tare da ya taɓa shi ba. Na taɓa kwance wani famfo da ya ƙi yin sati biyu bayan gyara, na tarar an juya su. Zoben gida yana ta sulɓi a kafaɗar shaf, wato tudun da zobe ke jingina da shi a jikin shaf, har ya ci ta, giris ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Wallahi abin ya dame ni, don minti ɗaya na awo da ya hana wannan asarar. Ku auna kafin ku ɗaura, ko da kun yi shekara talatin a aikin.

Kafin ɗauri, ku goge shaf da mazauni tas, ku shafa da yatsa ku ji ko akwai kaushi ko tsatsa. Kafaɗar shaf dole ta miƙe sosai, mazauni kuma ya kwanta daidai, don wannan boris ba ya jure karkata. In ya ɗan jirkice, ƙwallaye biyu ko uku ne za su ɗauke kayan da aka raba wa duka. In kun san mazaunin ba zai daidaitu ba, akwai 532 da 533 masu zoben gida mai kumburarren baya, da ke zama a kan wani zoben ya gyara kansa.

Zoben shaf, in ya matse, ku ɗumama shi a injin ɗumama boris ko a mai mai tsabta, kada zafin ya wuce digiri 120. Ban da harshen wuta. In bugawa za ku yi, ku ɗora bututu mai laushi a kan zoben ku bi a hankali, guduma kada ta sauka a kwarin, kuma kada ƙarfin bugu ya bi ta kan ƙwallaye. Zoben gida kuwa ku bar masa ɗan sarari a gefe, ya sami tsakiyarsa da kansa.

Sai giris. Ku cusa shi cikin keji da kwarin biyu, amma kada ku cika gidan maƙil, zafi zai yi. Ku tabbata kwarin zobban biyu suna fuskantar ƙwallaye, ku rufe, ku juya da hannu. Kun ji? Sumul, babu cijewa. Yanzu zan kunna shi a hankali na 'yan mintoci, ina sauraron ƙara ina duba zafi, kafin in ɗora masa cikakken kaya.