Amsoshin Tambayoyinku: Shirin wa'azin Lahadi

Masu sauraro barkanku da warhaka, wasiƙu biyu zan amsa yau kuma duka kan wa'azi suke.

Ta farko daga wani mai bishara a gefen Ribah, ya ce "Baba fasto, ni manomi ne, da damina sai daren Asabar nake samun zama in shirya wa'azi, in na buɗe Littafi Mai Tsarki sai kaina ya ɗaure, ya zan yi?"

To ɗana, wannan daren na san shi sarai, tocila a haƙora, sauro na cizo, batir na mutuwa, takarda fara fat har zakara ya yi cara. Abin da ya cece ni shi ne na daina jiran Asabar. Zaɓi ayarka tun Litinin, karanta ta sau uku da safe ka tafi gona da ita a kai. In Markus sura 4 ce, misalin mai shuka, ai kana tsaye cikin dawarka za ka ga inda ƙaya ta shaƙe shuka da idonka, wanda ke zaune a ofis sai ya bincika littattafai kafin ya gane abin da kai kake cirewa da fartanya. Wahalar da ta fi ma ita ce yare. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma tsohuwar da Dakarci ta sha a nono in ka ce mata "baratarwa" kallonka kawai za ta yi, dole ka zauna ka nemo yadda za ka faɗa mata, a ce mai laifi ne alƙali ya sallame shi don wani ya biya masa. Duba Nehemiya 8:8, da aka karanta Dokar Musa sai da aka yi wa jama'a bayani suka gane.

Ta biyu wata mama ce daga zumuntar mata a Dabai, wai me ya sa wa'azi ke tsawo har mutane na gyangyaɗi? Mama gaskiyarki! Duk abin da muka tara a mako muna jin tausayin zubar da shi, yankewa ta fi rubutawa ciwo. A Ayyukan Manzanni sura 20 Bulus ya yi ta magana a Taruwasa har tsakar dare, saurayi Aftikos ya yi barci ya faɗo ta taga daga hawa na uku. Bulus dai ya sauka ya tashe shi, mu kuwa kada mu gwada.

Daɗin abin kuma, ranar kasuwar Zuru wata dattijuwa mai daddawa ta tare ni ta maimaita mini misalin da na bayar wata biyu baya, ni har na manta, ta ƙara mini daddawa biyu gyara.

Akwai wasiƙa daga Yauri, lokaci ya ƙure, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.