Goro, Coca-Cola da gidan tarihin Kolombus

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau mun cika mu uku, Yaya Bala ya dawo. Tun da ya ɗora hotunan nan a WhatsApp saƙonni ba su ɗauke ba.

Nura: Kuma rabinsu tambaya ɗaya ce. Mutum ya biya kuɗin jirgi har Amurka, ya rasa inda za shi sai gidan tarihi?

Bala: Ai na san da kai za a haɗa baki. To ku bari in faɗa. Ina Atlanta wajen ɗan yayata, ya ce in raka shi Kolombus.

Nura: Ta jihar Ohayo?

Bala: Ta Jojiya, malam. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu a mota, kudu maso yamma. Garin na bakin kogin Catahuci, kana tsallake gada ka shiga Alabama.

Nura: Kogin me?

Bala: Catahuci.

Nura: Alhamdulillahi. Yarhamukallah.

Hadiza: Nura don Allah ka bar shi ya yi magana.

Bala: Ɗan yayar tawa yana da sabgarsa, ya sauke ni a ƙofar gidan tarihin garin ya ce awa ɗaya zai yi. Na laluba aljihu, aka ce shiga kyauta ne. Awa uku na yi, sai da ya shigo ya jawo ni. Abin da ya riƙe ni, wurin ba zane kawai ba ne, ba kuma tarihi kawai ba. Nan ɗakin zane-zanen Amurkawa, ka ɗan taka gaba sai ka faɗa labarin kwarin kogin: mutanen Muskogi, 'yan asalin yankin, da aka kora yamma a shekarun 1830, gonakin auduga, bayi, masaƙun da ruwan kogin ke juya wa injuna. Garin ma a 1828 aka kafa shi. Har da labarin Horace King, bawan da ya ƙware a ginin gada, shi ya yi aikin gadar farko ta garin, aka 'yanta shi a 1846, daga baya har ya zauna a majalisar dokokin Alabama.

Hadiza: Shi gidan wa ya gina?

Bala: Yauwa, nan ne daɗin. Asalinsa gidan wani attajiri ne, W.C. Bradley. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka bayar, aka buɗe shi ga jama'a a 1953. Shi Bradley yana cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin Coca-Cola a 1919, dala miliyan 25. Wanda ya ƙirƙiro lemon kuma, John Pemberton, mai haɗa magunguna ne da ya daɗe a Kolombus. A nan aka sare shi da takobi a ƙirji a 1865, ƙarshen yaƙin basasarsu. Ciwon ya sa ya kamu da shan maganin kashe zafi, neman mafita ya kai shi ga haɗe-haɗe, har a 1886 a Atlanta ya fito da wannan. Ganyen koka da goro, daga nan sunan ya fito.

Nura: Tsaya. Goro? Namu na ɗaurin aure?

Bala: Shi fa.

Nura: La ilaha illallahu. Wato kakanninmu suna taka sayyada zuwa Gwanja da jakuna, wata da watanni, suna yayyafa wa huhun goro ruwa kada ya bushe, wani can ya zuba sukari ya zama biloniya?

Hadiza: To ka kai ƙara.

Nura: Zan kai! Kakata haƙoranta jajur har ta koma ga Allah, ko kwalba ɗaya ba a taɓa aiko mata ba.

Bala: Fari take ci ko ja?

Nura: Daushe. Ba ta kallon sabon goro, ta ce na yara ne. Tana da 'yar magogi ta gwangwanin madara da aka huda da ƙusa, tunda haƙora sun tafi.

Hadiza: Wayyo, irin ta Inna! Idan ka taɓa magogin nan ranar ba ka da abincin dare.

Nura: Ku yi tunani a ɗaurin aure a ce "an raba goro", sai a miƙo maka gwangwani mai sanyi.

Hadiza: Ai yanzu ma kusan hakan ake yi. Alewa da cingam sun kori goro.

Nura: Shi ya sa auren ba ya ƙarko.

Hadiza: Kai! Masu saurare, wannan ra'ayin Nura ne shi kaɗai, lambarsa zan ba ku. Yaya Bala, hoton nan mai launuka da ka sa har sau uku.

Bala: Zanen wata mai suna Alma Thomas ne. Ita ce ta cinye min awa biyu. Daga nesa sai ka ce atamfa aka shanya. Ka matso, sai ka ga ɗigo-ɗigon fenti ne, kowanne kamar faɗin babban yatsa, an jera su layi-layi, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, ga farin ƙyalle yana leƙowa a tsakani. Babu biyu da suka zo daidai. Kana ganin inda burushi ya fara bushewa kafin ta sake tsoma shi. Na matsa har mai gadi ya yi gyaran murya.

Nura: Ka kusa jawo mana abin kunya a duniya.

Bala: A Kolombus aka haife ta, 1891. Baƙar fata ce, kuma a lokacin yaro baƙi karatunsa ba ya nisa a garin. A 1907 iyayenta suka kwashe su zuwa Washinton, shekara ɗaya bayan kashe-kashen da aka yi wa baƙaƙe a Atlanta. Ta gama Jami'ar Howard a 1924, ta koyar da zane a makarantar yara shekara 35, sai da ta yi ritaya a 1960 ta zauna wa nata zanen sosai.

Hadiza: Tana kusan saba'in ke nan.

Bala: A 1972, tana da 80, gidan zane na Whitney a New York ya yi baje kolin aikinta ita kaɗai, baƙar mace ta farko da aka yi wa haka a wurin. Zamanin Obama, a 2015, aka rataye zanenta a Fadar White House. Ta rasu tun 1978, ba ta gani ba. Ni abin da ya tsaya min, garin da ta bari don ya yi mata ƙunci, yau shi ke adana zanenta da takardun gidansu, a gidan attajirin auduga. Kuma ba su ɓoye dalilin tafiyar ba. Da ɗakin zane ne zalla, launi kawai za ka gani ka wuce. Amma ka riga ka bi ta ɗakin audugar.

Nura: Ni dai abin da na ɗauka, ina da sauran shekara 35 kafin a ce na makara.

Hadiza: Kai da ko da'ira ba ka iya zanawa. To, mun yi alkawarin za mu kwatanta da Gidan Makama, da maganar yadda ake—

Bala: Ban ma faɗi gyaran da suka yi ba, sun rufe wajen shekara biyu, a 2024 suka sake buɗewa, ga lambu a bayan—

Hadiza: Yaya Bala, an kira sallah, batirin ma ya nuna ja. Gidan Makama sai wani makon.

Nura: Tsarabar fa?

Bala: Tana mota.

Nura: In Coca-Cola ce ka riƙe abarka.