Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaramin layin dogon da gishiri ya raya a Amurka

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙu uku muka ware yau, dukansu a kan ƙananan layukan dogo masu dakon kaya.

Ta farko daga Zariya take. Mai tambayar ya ce ya ji wai a Amurka akwai kamfanin jirgin ƙasa da tsawon layinsa bai kai daga Zariya zuwa Kaduna ba, yana son sanin ko gaskiya ne, da kuma yadda irinsa ke cin riba.

Malam, gaskiya ne, kuma ƙananan layukan dogo sun kai kimanin 600 a ƙasar. Mu ɗauki Genesee & Wyoming da ya fara a yammacin jihar New York. A 1899 Edward L. Fuller da abokan kasuwancinsa suka sayi layin, tsawonsa mil 14 da ɗoriya, wajen kilomita 23 ke nan. Aikinsa guda ne: ya kwashi gishiri daga mahaƙar Retsof ya kai mahaɗar manyan layuka a wajen garin Caledonia. A wannan mahaɗa abincinsa yake. Ƙaramin layi ba ya kai kaya gari mai nisa, shi dai ya ɗauko tarago daga ƙofar mai kaya ya miƙa wa babban kamfani, a ba shi kasonsa a kan kowane tarago.

Yawancin ƙananan layukan bayan 1980 suka samu, shekarar da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar Staggers, wadda ta sassauta ƙa'idojin harkar. Manyan kamfanoni suka riƙa sayar da rassan da ba sa kawo musu riba, ƙanana suna saye. Mortimer Fuller na uku, wanda ya karɓi ragamar kamfanin jirgin dakon gishirin a 1977, ya ga hatsarin dogara da abokin ciniki ɗaya, ya shiga sayen layuka: Rochester & Southern a 1986, Buffalo & Pittsburgh a 1988. Hangen nasa ya yi rana, domin a watan Maris na 1994 rufin wani sashe na mahaƙar Retsof ya rufta, ruwa ya yi ta kwarara har ya cika ta aka rufe. Da gishirin nan kaɗai kamfanin ya riƙe, da shi ke nan. Daga baya aka buɗe sabuwar mahaƙa a Hampton Corners, dakon gishiri ya dawo.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi: yaya aikin yini guda yake a irin wannan layi?

Malama, galibi mutum biyu ne a jirgin, direba da kwandasta, kuma wahalar a kan kwandasta take don shi ne a ƙasa. In sun isa mahaɗa, zai bi taragun da aka ajiye musu ɗaya bayan ɗaya, yana gwada lambar kowanne da ta takarda, yana duba ƙafafu da abin haɗi da ƙofofin zubar da kaya na ƙasa. Daga nan a haɗa kan jirgi, a jona tiyon iska tsakanin taragu, a cika bututun birki zuwa 90 a ma'aunin PSI, irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. Direba ya rage 20, kwandasta ya sake takawa ya tabbatar birkin kowane tarago ya kama. Yoyon iska kuma kada ya wuce 5 a minti guda. In ya wuce, mafi yawa robar bakin tiyo ce ta tsage ko ta bushe saboda sanyi, sai an canza ta a sake gwaji.

Abin da ba a wasa da shi shi ne birkin hannu. Iska tana zurarewa a hankali, don haka duk taragon da za a bari a tsaye sai an ɗaure masa birkin hannu, a saki na iska, a ga ko zai motsa. A watan Yulin 2013 an bar jirgin ɗanyen mai a kan gangara kusa da Lac-Mégantic a Kanada da birkin hannu bakwai kacal. Da iskar ta ƙare ya gangaro cikin gari, mutum 47 suka rasu.

Lokaci ma kuɗi ne. Galibi taragun ba na ƙaramin layi ba ne, haya ake lissafa masa muddin suna hannunsa, shi kuma yana cajin mai kaya in ya yi jinkirin lodi ko saukewa.

Wasiƙa ta uku daga Kumasi: me ya sa jiragen nan ke tafiyar hawainiya, kuma me ke sa su sauka daga kan dogo?

Amsar tana ƙarƙashin dogon, Malam. Hukumar kula da layin dogo ta Amurka ta kasa layuka aji-aji. Aji na ɗaya, jirgin kaya ba ya wuce mil 10 a awa, aji na biyu mil 25. Akwai katako wajen 3,000 a kwance a kowane mil, su ne ke riƙe da ƙarafan biyu. A aji na ɗaya, in layin miƙaƙƙe ne, biyar masu lafiya ake buƙata a kowace ƙafa 39, a aji na biyu takwas. Tazarar ƙarafan inci 56 da rabi ce, daidai da ta layin Abuja zuwa Kaduna, kuma a aji na ɗaya in ta haura inci 58 an fita daga ƙa'ida.

Ga yadda ɓarnar ke farawa. Magudana ta toshe, ruwa ya kwanta, laka ta cakuɗe da tsakuwa, katako ya ruɓe, ƙusa ta yi sako-sako. Jirgi mai nauyi ya shigo kwana ya tura ƙarfen waje, tazara ta buɗe, ƙafa ta faɗa tsakiya. Shi ya sa a ganinmu kamfanin da ya sayi sabon kan jirgi alhali magudanunsa a toshe, ya yi kuskuren lissafi. Yashe magudana ya fi komai arha a aikin.

Nauyin taragu kuma ya ƙaru. An tashi daga laba 263,000 an koma 286,000, kusan tan 130 da kayansa. Tsohon siririn ƙarfe da gadojin katako ba don wannan aka yi su ba, kuma layin da ba ya ɗaukar manyan taragun, masu kaya na guje masa. Tun 2005 gwamnatin Amurka ke yi wa ƙananan layuka rangwamen haraji a kan kuɗin gyara, har dala 3,500 a kowane mil, kuma wurin canza katako da ƙarfafa gadoji yawancin kuɗin ke tafiya.