Ranar Yom Kippur a Unguwar Borough Park

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Yau ina unguwar Borough Park da ke Brooklyn a birnin New York, inda Yahudawa masu riƙo da addini suke da yawa, kuma kamar yadda kuke gani shaguna duk a rufe suke, motoci ma sai jefi-jefi. Yau ce Yom Kippur, 10 ga watan Tishrei a kalandarsu, ranar da suka fi girmamawa a duk shekara, har makarantun gwamnati na birnin sukan ba da hutu saboda ita. Ba zan haska fuskar kowa ba, domin mutanen nan ibada suke yi, kuma a yau ko waya ba sa taɓawa.

Sun kama azumi tun jiya kafin rana ta faɗi, ba za su sha ruwa ba sai duhu ya shiga yau, wato kusan awa 25 a jere. Ban da ci da sha, an hana su wanka, shafa mai, kusantar iyali da sanya takalmin fata, shi ya sa dattawa ke wucewa cikin fararen kaya da takalman roba ko na yadi. An ɗauke wa ƙananan yara, da wanda azumin zai jefa rayuwarsa cikin haɗari.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne hukuncinsu game da haƙƙin mutane. Malamansu sun ce wannan rana tana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma wanda ya cuci ɗan uwansa ba ta wanke shi har sai ya je ya nemi yafiyarsa, kuma idan aka ƙi yafe masa ya sake komawa har sau uku. Saboda haka tun kwanakin da suka gabata mutane ke neman waɗanda suka ɓata wa rai, ana sasantawa kafin a shiga wurin ibada. Duk Musulmi ya san nauyin wannan magana, domin mu ma an koya mana cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Da la'asar za su karanta ƙissar Annabi Yunusa da tuban mutanen Nineba, sannan su yi addu'ar rufewa da suke kira Ne'ila, a busa ƙahon rago, kowa ya koma gida buɗa baki. A daren nan wasu za su fara kafa rumfunan bikin Sukkot da ke zuwa ranar 15 ga watan, kuma in Allah ya kai mu zan dawo in nuna muku su.