Yadda Ɗalibin Digiri na Farko Zai Samu Malamin da Zai Jagorance Shi a Bincike

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yawancin ɗalibai ba sa neman malamin da zai jagorance su a bincike sai sun shiga shekarar ƙarshe, lokacin da kundin kammalawa ya taso, alhali wanda ya fara tun yana aji biyu ko uku shi ne ke koyon aikin a tsanake.

Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ka san abin da yake nazari a kai. Ka duba sunayen malaman sashenku, sannan ka nemi rubuce-rubucensu a Google Scholar, wanda tun 2004 ake neman maƙalun ilimi da shi. Ka fi mayar da hankali kan maƙalun shekaru biyu ko ukun da suka wuce, domin malami kan sauya alƙibla. Idan tsakiyar maƙala ta yi maka nauyi, karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, da kammalawa, ka fito da tambaya ɗaya taka ta kanka.

Ina roƙonka kada muƙami ya ruɗe ka. Farfesan da suna ya yi masa yawa, ga tarurruka ga shugabanci, zai iya karɓarka amma ka yi wata ba ka gan shi ba, yayin da malamin da bai daɗe da kammala digirin digirgir ba yakan zauna da kai ya bi rubutunka layi-layi. Ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke ƙarƙashin malamin da kake nema su ne suka san gaskiyar lamarin, don haka ka tambaye su sau nawa yake ganawa da su, kuma kwana nawa aiki ke yi a teburinsa kafin ya dawo.

Saƙonka na imel ya zama gajere: sunanka, ajinka, maƙalar da ka karanta, tambayar da ta taso maka, da sa'o'in da za ka iya bayarwa a mako. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tunatar da shi cikin ladabi, ko ka je ofishinsa a lokacin ganin ɗalibai. Idan ya ce ba shi da gurbi, ka nemi ya nuna maka wani abokin aikinsa.

Ranar da ya amince, ku daidaita kan aikin da za ka fara da shi, wanda galibi shigar da bayanai ne ko tattaro maƙalu, ku kuma tsayar da ranar ganawa ta gaba kafin ka fita daga ofishin.