Yadda Ake Ɗaura Kwarkwaron Igiya a Bindigar Harbin Kifi

Jama'a barkanmu da warhaka. Abin da kuke gani a kan teburin nan bindigar harbin kifi ce, irin wadda masu nutso ke shiga teku da ita a Faransa, Italiya, Afirka ta Kudu, Ostireliya da gaɓar Kalifoniya. Ba ta cin harsashi, ba ta cin albarushi. Roba ake ja a maƙala a jikin mashin ƙarfe, a danna kunama, mashi ya fita. Wannan ɗan kewayayyen abu da ke gefenta shi ne kwarkwaron igiya, shi za mu ɗaura mata yau.

Kafin mu ɗauki sukurudireba, bari mu ga amfaninsa, domin duk abin da za mu yi nan gaba daga nan ya samo asali.

Galibin masu wannan farauta ba sa goya tukunyar iska. A ƙasashen Tarayyar Turai da ke bakin Bahar Rum ma doka ce, tun 2006 aka hana harbin kifi da tukunyar iska, aka kuma hana yin sa da dare. Numfashi ɗaya mutum zai ja, ya nutse mita 10, ko 15, gwanaye su wuce 20, ya yi minti ɗaya ko biyu a ƙasa. To a ce ya harbi babban kifi, kifin ya ja mashi ya shige kogon dutse. Igiyar da ta haɗa mashi da bindiga 'yan mitoci ne kawai. Ko dai ya saki bindigarsa ya hau sama, ko ya tsaya kokawa da kifi alhali ƙirjinsa na neman iska. Tsayawar nan ce ke sa mutane suma a ruwa, su tafi ke nan. Mai kwarkwaro kuwa sassauta birki kawai zai yi, igiya ta riƙa warwara, ya haura da bindigarsa a hannu, ya sha iska, ya huta, sannan ya bi igiyar ya koma wa kifinsa.

Ɗaura wa mashi igiya ba sabon abu ba ne ga Sarkawan kogin Kwara masu farauta da zago. Sai dai su suna cikin jirgi suna numfashi. Wannan kuwa yana can ƙasa, kuma igiyar da ta harɗe tana iya riƙe shi.

Yanzu ga aiki. Ka fara cire mashi, ka tabbata roba a sake take. Bindigar nan ba a ɗana ta a tudu, ko don gwaji.

Juya ta ka duba cikinta, gaba da mariƙi kaɗan. Yawancin bindigogin Turai, irin na Cressi na birnin Janowa ko Beuchat na Marsay, suna zuwa da wani ɗan gurbi a nan, an yi shi musamman don kwarkwaro. In taka na da shi, ka huta: zura gindin kwarkwaron, ka ɗaure da sukurun da ya zo da shi. Abin lura ɗaya, gurbin wani kamfani ba lallai ya karɓi kwarkwaron wani ba, don haka ka gwada kafin ka biya kuɗi, ko ka nemi ɗan farantin da ke haɗa su.

In babu gurbi, sai ka dubi abin da aka yi jikin bindigar da shi. Bututun alminiyam da na kabon a toshe suke gaba da baya, iskar da ke ciki ce ke sa bindiga ta taso bayan mashi ya fita. Ka huda shi da ka, ruwa ya shiga, ka mai da ita sandar ƙarfe mai nutsewa. Kabon ma tsagewa yake yi daga bakin huda. Ga irin waɗannan, maɗauri mai rungumar bututu ake nema. Bindiga mai aiki da matsattsiyar iska kuwa, kada injin huda ya ko kusance ta.

Ta katako, irin wadda kamfanin Riffe na Kalifoniya ya yi suna da ita da icen tik, ita ce ke son natsuwa. Ɗora kwarkwaron a inda kake so, ka naɗe shi da salatif na ɗan lokaci, sannan ka kama bindigar kamar za ka harba. Yatsanka na kaiwa kunama ba tare da ya bugi komai ba? Ɗan ƙarfen da ke sakin igiya yana motsi yadda ya kamata? Hannun juya kwarkwaron yana kewayawa bai goga katako ba? In duk sun yi, sa alama da fensir a tsakiyar katakon daidai. Yi huda siririya, wadda ba ta kai kaurin sukurun ba, don kada icen ya dare. Auna tsawon sukurun da kaurin katakon tukuna, domin a sama akwai hanyar da mashi ke kwanciya, a baya kuma akwai ramin kunama, kuma tsinin sukuru ɗaya da ya leƙo ya isa ya karkatar da harbi. Ɗiga gam mai haɗi biyu a cikin hudar don ruwa kada ya ratsa icen. Sukuru kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316. Na kasuwa gama-gari, ruwan gishiri zai cinye shi.

Ni a ganina mutane sun fi yin kuskure wajen girma. Ana ganin babban kwarkwaro a ce ai ya fi. Ga bindiga mai tsawon santimita 90 zuwa 110, mai cin igiya mita 50 ya wadatar. Babba nauyi yake ƙarawa, ya sa bindiga ta yi wuyar juyawa a ruwa sa'ad da kake bin kifi da ita.

Sai igiya. Iri biyu ne a bindigar nan, kada a haɗa su. Wadda ke jikin mashi ta nailan ce mai sulɓi, tana da ɗan tauri, shi ya sa ba ta saurin harɗewa lokacin harbi. Wadda za ta hau kwarkwaro kuma saƙaƙƙiya ce, yawanci Dyneema, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Tana da ƙarfi ƙwarai, ba ta shan ruwa, ba ta nutsewa. Aibinta santsi. In ka ɗaure ta a sandar tsakiyar kwarkwaro da ƙulli kawai, duk naɗin zai iya riƙa juyawa a kan sandar, kana murzawa igiya ba ta shigowa. Don haka zura ta ta hudar da ke jikin sandar, in akwai, ka yi ƙulli mai kyau, ka ƙona bakin da ashana. In babu huda, naɗa salatif a sandar kafin ka ɗaura.

Nan ne wurin da nake so ku ba ni hankalinku. Naɗin nan da ƙarfi ake yin sa. Sa safar hannu, ko ka sa wani ya riƙe maka ɗaya bakin yana ja, kai kuma kana murzawa kana kai igiyar dama da hagu, layi kan layi. Duk telan da ya taɓa cika kwarkwaron kekensa sako-sako ya san yadda zare ke cukurkuɗewa a tsakiyar ɗinki. A nan abin da ke faruwa shi ne, kifi na fizga, igiyar sama ta nutse cikin ta ƙasa ta cije, kwarkwaro ya tsaya cak, kai kuma kana mita 15 a ƙasa. Kada kuma ka cika shi har baki. Bar ɗan sarari, don in ka naɗe igiya cikin gaggawa a ruwa ba za ta kwanta lafiya kamar yau ba, kuma wadda ta tumbatsa faɗowa take ta gefe ta shiga bayan faifan.

Ja bakin igiyar ta cikin ɗan zoben da ke jikin kwarkwaron, ka miƙe da ita ƙarƙashin bindiga har hanci. A can akwai wani zobe. In da gajeriyar roba a maƙale a wurin, wadda igiyar mashi ke kamawa a da, cire ta. Zura igiyar ta zoben, sannan a waje da shi ka ɗaura maƙalli mai juyawa. Tsarin ke nan: zobe tukuna, maƙalli daga baya, don in ka naɗe igiya maƙallin ya zo ya tsaya a bakin zoben. A jikinsa za ka kama igiyar mashi. Juyawar da yake yi ce ke hana igiya murɗewa in kifi na birgima.

Mai da mashi, ka bi da igiyarsa yadda aka saba: daga gindin mashi zuwa hanci, ta dawo ta kewaya ƙarfen saki, ta koma maƙalli. Murza kwarkwaro har ta miƙe, sannan ka saita birki. Ya kama daidai yadda igiya ba za ta saki kanta ba kana iyo, amma in ka ja da hannu ta fito ba gardama. Ya yi tsauri, kifi zai fizge bindiga ko ya yage daga mashi. Ya yi sako, faifan zai yi gudun da ya fi na igiya, ta tattaru ta harɗe.

Kwarkwaro ba na kowane kifi ba ne. Cikin dogayen ciyayin teku na Kalifoniya, ko wajen duwatsu da tsofaffin jiragen da suka nutse, ya fi doguwar igiya mai balan-balan da ke shawagi a saman ruwa, domin ita kama ko'ina take yi. Amma manyan kifaye na tsakiyar teku, irin su tuna, suna iya zare mita 50 kafin ka kai sama, su kam balan-balan ake sa wa. Inda jirage ke yawan wucewa ma, balan-balan mai tuta ne ke nuna musu akwai mutum a ruwa. Wuƙa kuma ta kasance inda kowane hannu zai kai gare ta, abokin nutso yana sama yana kallonka. In kwarkwaro ya cije, ka saki bindigar ka hau.

Gwajin farko a ruwa marar zurfi za ka yi. Cire mashi ka saki bindigar, ka ga ko har yanzu tana tasowa da sabon nauyin. Harba sau biyu ko uku, ka lura ko igiya na kama hannun kwarkwaron. Sannan ka zare igiyar duka a ruwa, ka sake naɗe ta da ƙarfi tana jiƙe. In an dawo gida, wanke komai da ruwan famfo, ka sassauta birki kafin ka ajiye.