Littafin Bashin Umma Ne Ya Kawo Ni Filadelfiya

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, da duk mai kallona daga inda yake. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake, kuma sanyin Oktoba a nan ya fara shiga ƙashi. Wannan hanyar da nake takawa ita ake kira Locust Walk, ta ratsa tsakiyar Jami'ar Fensilbaniya a birnin Filadelfiya. Bari in juya muku kyamara. Kun ga wancan ginin jan bulo mai zagayayyen kai? Huntsman Hall ke nan, nan muke ɗaukar yawancin darussanmu na Wharton, makarantar kasuwanci ta jami'ar. Wani attajiri mai harkar ƙarfe, Joseph Wharton, shi ya ba da kuɗin kafa makarantar a 1881, kuma ita ce makarantar koyon kasuwanci ta farko da aka buɗe a cikin jami'a a Amurka.

Abin da ya sa na ɗauko kyamara yau shi ne kiran da ƙanwata ta yi min jiya da daddare. Tana aji uku na babbar sakandare, tana so ta nemi makarantar kasuwanci a nan. Ta ce min, "Yaya, akwai wani mutum da ya ce idan Abba ya biya shi zai rubuta min muƙalar neman shiga, kuma zai yi min takardar shaidar cewa na kafa gidauniyar taimakon marayu." Wallahi sai da na tashi zaune. Na ce mata kada ta kuskura, ta jira in yi mata bayani a tsanake. Na kwana ina tunanin cewa ba ita kaɗai ake yi wa wannan tayin ba, daga Tudun Wada har Malali har Barnawa, shi ya sa na ce bari in yi maganar a fili.

Ni sau biyu na nema. Na gama WAEC a 2022, a ƙarshen shekarar na tura takarduna makarantu da dama, kuma da watan Maris ya zo duk suka ce a'a. Ba ɗaya da ta ɗauke ni. Na yi kwanaki ban iya cin abinci sosai ba. Da hankalina ya dawo na ɗauki muƙalar da na tura na kai wa malaminmu na lissafi. Ya karanta ta sau biyu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke gaban ofishin malamai, ya cire tabarau, ya ce, "Turancinka ya yi kyau. Amma ina kai a ciki?" Gaskiya ya faɗa. Na cika ta da manyan kalmomi, ni shugaba ne, ina son kawo sauyi a Afirka, ina son yaƙar talauci. Duk yaron da ke Legas ko Nairobi ko Accra zai iya sa sunansa a kanta, babu abin da zai canza.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne, lokacin da nake rubuta waccan muƙalar, kullum ina shagon Umma a Kasuwar Barci daga safe har la'asar. Atamfa da yadi take sayarwa. Ban ambaci shagon ko da kalma ɗaya ba, domin a ganina wannan ba abin nuna wa Turawa ba ne.

Bari in zauna a kan wannan bencin in nuna muku wani abu. Na taho da shi daga gida, Umma ta ba ni da ta sayi sabo. Kun gani? Littafin makaranta ne mai jan bango, gefensa ya yi baƙi saboda hannu. Littafin bashinta ke nan. Babu cikakken sunan kowa a ciki, sai dai "matar tela", "maman 'yan biyu", "Hajiya ta bayan masallaci", a gaba turmi nawa ta ɗauka, nawa ta bayar, nawa ya rage. Wanda ya gama biya sai a ja masa layi. Ku dubi wannan shafin, kusan babu layi ko ɗaya. Watan Fabrairun 2023 ke nan, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi suka daina karɓuwa, sababbi kuma ba su samu ba. Kowa a Kaduna ya san abin da ya gani a lokacin. Mutum zai tura kuɗi ta waya, ya tsaya a gabanka ana jiran alat har rana ta yi zafi, mai POS kuma ya ƙara nasa caji. Mu a shago ciniki ya koma bashi kusan gaba ɗaya.

A wannan lokacin ne na zauna na kwafe littafin cikin kwamfutar yayana, shafi bayan shafi, na jera kowa da ranar da ya ɗauki kaya da ranar da ya biya. Sai na ga abin da ido ba ya gani a takarda. Matan da ke kawo kaɗan-kaɗan duk mako, kamar zubin adashe, su ne ke gama biya. Waɗanda ke cewa sai ƙarshen wata su biya gaba ɗaya, su ne bashinsu ke kwana har Sallah ta wuce. Na kawo wa Umma shawara mu mayar da duk mai sabon bashi kan biyan mako-mako. Ta yarda, kuma kafin Babbar Sallah kuɗin saro kaya daga Kantin Kwari ya fara dawowa hannu.

Na kuma kawo mata shawara ta biyu. Na ware sunaye biyar na ce waɗannan a daina ba su kaya, asara ce kawai. Umma ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a kan suna na uku, ta ce, "Wannan mijinta ya rasu bara, 'ya'ya shida ya bar mata. Abin da ke gabanta ba bashi ba ne, ni na san abin da na rubuta." Ta ci gaba da ba ta kaya. Wannan matar ita ce ta riƙa kawo mana dangin amare daga unguwarsu duk lokacin da za a haɗa lefe. Kwamfutata ba ta da gurbin da zan sa wannan.

Wannan labarin na rubuta a karo na biyu. Manhajar Common App, wadda jami'o'i da yawa a nan ke karɓar takardu ta cikinta, ba ta yarda babbar muƙala ta wuce kalmomi 650 ba, don haka babu wurin gabatarwa mai tsawo. Da yatsan Umma a kan takarda na fara. Jami'ar nan kuma tana da nata gajerun tambayoyin. A shekarar da na nema, ɗaya ta ce ka rubuta wasiƙar godiya ga wani da ba ka taɓa gode wa ba. Na rubuta wa dattijon da ke dakon dilolinmu daga tasha, wanda ya koya min gane turmin da aka rage wa yadi tun daga nauyinsa a hannu. Ta Wharton kuma ta nemi ka ɗauko wata matsala da ta dame ka, ka faɗi yadda karatu a nan zai taimake ka ka fahimce ta. Na yi maganar masaƙun Kakuri, inda aka kafa masaƙar Kaduna tun 1957, inda kakanmu ya yi aiki, da yadda yanzu mafi yawan atamfar da ke shagon Umma daga waje take zuwa. Tambayar da na yi gaskiya ce a raina, me zai sa auduga ta fito a ƙasarmu amma zani ya fito daga wata ƙasa.

A Common App akwai wurin jera ayyukan da kake yi ban da karatu, gurbi 10, kowanne bayaninsa haruffa 150 ne kacal. Nan ne 'yan uwanmu ke jin kunya, su ga ba su da kulob ɗin muhawara ko gasar ƙasa da ƙasa, sai su faɗa hannun masu ƙirƙiro gidauniya. Alhali aikin gida da aikin shago da renon ƙanne duk ana lissafa su. In kana tsare wa Abbanka shago a Kasuwar Sheikh Gumi, ko kana gyaran waya, ko kina yin cincin kina kai wa shaguna, ko kana koyar da yara a Islamiyya da yamma, to ka rubuta shi da adadi: awa nawa a mako, mutum nawa, me ya canza saboda kai. Ni gurbi shida na cika, na bar sauran haka nan. Masu karanta takardun nan dubbai suke karantawa, sun san ƙamshin ƙarya, kuma idan aka gano ta ko bayan an ɗauke ka ana iya janye gurbin.

To amma kada wani ya ji wannan ya ce labari kaɗai ya isa. Lissafi, lissafi, lissafi. Digirin da ake bayarwa a nan na tattalin arziki ne, kuma tun shekarar farko za ka haɗu da kalkulas da ƙididdiga. Suna so su ga ka ɗauki lissafi mafi wuya da makarantarku ke koyarwa. A wajenmu shi ne Further Maths na WAEC, wanda yawancin 'yan ajin kasuwanci ke gudu. Ƙanwata, ki saurare ni da kyau a nan: ki je wajen malamin gobe ki roƙe shi ya bar ki ki shiga ajin, ko da a bayan aji za ki zauna. Sai jarrabawar SAT, ta neman shiga jami'o'in Amurka. Makinta duka 1,600 ne, rabi na lissafi, kuma tun 2023 a kwamfuta ake yin ta ta manhajar Bluebook. Lokacin da na nema ba dole ba ce a wannan jami'ar, amma na yi ta, domin ita ce ma'aunin da zai nuna musu yaron Tudun Wada da yaron New York a sikeli ɗaya. Yanzu sun dawo da ita ta zama dole. Atisayenta kyauta ne a shafin intanet na Khan Academy. Ni bayan sallar asuba nake yi, kafin a ɗauke wuta, da datar dare da nake saye.

Wasiƙar shaida ta malamai kuma, ku yi hattara. Mun saba da takarda mai layi uku, yaro ne mai ladabi da biyayya, a buga hatimi. Wannan ba ta ƙara maka komai. Ka zaɓi malamin da ya san ka da gaske, ka je masa da wuri, wata biyu kafin wa'adi, ka tuna masa abin da kuka yi tare. Malamina ya rubuta yadda na dawo masa da takardar da ba a ɗauke ni ba, da yadda na zo da kwamfuta ina tambayarsa hanyar auna matsakaicin kwanakin biyan bashi. Shi ya gaya min daga baya, ni ban ga wasiƙar ba, domin malami ne ke tura ta da kansa.

Maganar kuɗi, ba zan ɓoye muku ba. Karatu da masauki da abinci a nan sun haura dala 80,000 a shekara. Babu yadda shagon atamfa zai biya wannan. Jami'ar tana ɗauke wa ɗalibin waje abin da ya gagari iyayensa idan ta ɗauke shi, amma tana duba buƙatarsa lokacin yanke hukunci, wato neman tallafi yana ƙara tsananin gasar. Kuma dole ka nema tun tare da takardar shiga, ba a dawowa daga baya a ce an manta. Ku cika takardun kuɗin da gaskiya. Umma ba ta da takardar albashi, sai muka haɗa bayanin banki da wasiƙa mai bayyana yadda shago ke tafiya. Akwai kuma tsarin Early Decision, wato neman shiga da wuri, wa'adinsa 1 ga Nuwamba, sakamako a tsakiyar Disamba, amma alkawari ne: in sun ɗauke ka dole ka zo ka janye sauran. Kada ka shige shi sai kun zauna da iyayenka. Kuma kada ka rataya ranka a kan makaranta ɗaya, irin waɗannan makarantun mafi yawan waɗanda suka cancanta ma ba sa samu. Ka haɗa da waɗanda suka fi sauƙin shiga, ka yi JAMB ɗinka, ka riƙe gurbinka a ABU ko KASU.

Wanda yake son mai ba shi shawara na gaskiya, akwai EducationUSA a Abuja, ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka. Ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa ka je. Suna ma da shirin Opportunity Funds da ke taimaka wa ɗalibai masu ƙoƙari marasa hali da kuɗin jarrabawa da na fom. Su ba za su rubuta maka ko layi ɗaya ba, za su karanta naka su tambaye ka.

Ƙanwata, ke ce kika karɓi sabon littafin bayan tafiyata, kuma Umma ta gaya min ke kika fara ɗaukar hoton atamfofi kina sa wa a WhatsApp, har masu saye suna aikowa daga Zariya. Kada ki kwafi labarina, naki daban ne. Yau da daddare ki ɗauki hoton shafukan wata ukun nan ki turo min, ki kuma rubuta min da Hausa, ba da Turanci ba, ranar da wata ta dawo da kaya ta ce launin da ta gani a hoto ba shi aka kawo mata ba, da abin da kika yi. Daga nan za mu fara. Ki ce wa Abba ya riƙe kuɗinsa, za a buƙace shi wajen rajistar SAT.

Lokacin darasi ya yi, ga 'yan ajinmu can suna shiga. Ku gaishe min da mutanen Kasuwar Barci, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya yarda.